Yadda Na Sayi Kwalkwalin Sojan Jamus Mai Tsini, Na Tantance Shi, Na Kai Shi Gyara

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan'uwa masu sha'awar tara kayan tarihi, musamman waɗanda suka sha tambayata yadda ake mallakar kwalkwalin nan mai tsini na sojojin Jamus na zamanin da, wanda Jamusawa suke kira Pickelhaube. Ni mazaunin birnin Kolon na Jamus ne, kuma a lokacin da na shiga wannan harka ban sami bayani ko ɗaya da Hausa ba, wanda na samu da Jamusanci kuwa an rubuta shi ne domin waɗanda suka riga suka san kan abin. Saboda haka zan jero matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, da takardun da aka nema a wurina, da kuɗin da na kashe, domin wanda zai bi bayana ya san inda zai sa ƙafa.

Kafin a kai ga maganar kasuwa, dole ne mutum ya san abin da zai saya, kuma wannan mataki shi ne ya fi cin lokacina. Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na Huɗu ne ya ba da umarnin a fara sa wa sojojinsa wannan kwalkwali a 1842, daga nan sauran ƙasashen Jamus suka riƙa ɗauka, har Babariya ta karɓa a 1886. Jikinsa fata ce da aka jeme da ɓawon itace, aka matse ta a kan mazubi tana jiƙe har ta bushe ta ƙanƙare, kusan irin yadda masu tandu suke gina shi a kan yumɓu, sannan aka shafe ta da baƙin fenti mai sheƙi. A kansa ake kafa tsinin, a goshinsa kuma tambarin ƙasar da sojan ya fito. Na Furusiya mikiya ce mai ɗauke da rubutun da ke nufin tare da Allah domin sarki da ƙasar haihuwa, na Babariya zakuna biyu ne, na Württemberg zaki ne da barewa, na Saksoni kuwa tauraro. Sojojin igwa ba tsini ne a kan nasu ba, ƙwallo ne. Siffar ta yi ta sauyawa da shekaru. A ƙirar 1895 an koma maƙala tambari da kunnuwa biyu na waya waɗanda suke ratsa fatar a toshe su da 'yar fata daga ciki, a 1897 aka ƙara ɗan faifan ƙarfe mai launin tutar daular, baƙi da fari da ja, a gefen dama, yayin da na ƙasar sojan yake a hagu. Da yaƙin duniya na farko ya tsananta, tagulla ta yi wuya, sai ƙirar 1915 ta zo da ƙarfe mai launin toka da tsinin da ake iya cirewa. Fata ma ta yi ƙaranci saboda sojojin ruwan Birtaniya sun tare hanyar shigo da ita, har aka riƙa yin wasu da matsattsen ulu ko da gwangwani. A 1916 hular ƙarfe ta maye gurbinsa a fagen daga, domin fata ba ta tare ɓarɓashin bam. Amfanin haddace waɗannan shekaru shi ne, kowane ɓangare na kwalkwalin dole ya dace da shekararsa da ƙasarsa, in ba haka ba to an haɗa shi ne daga baya.

Karatu kaɗai bai wadatar da ni ba, sai na fara zuwa inda zan ga na gaskiya da idona. Na je gidan adana kayan tarihin soja da ke Rastatt, na kuma je na rundunar Babariya da ke Ingolstadt, inda na tsaya gaban gilashi ina lura da kaurin fata, da yadda fenti yake tsattsagewa idan ya tsufa, da launin tagullar da ba a taɓa gogewa ba. Bayan haka na halarci babbar kasuwar kayan soja da ake ci a garin Ciney na Beljiyam, domin a can ne ake barin mutum ya ɗauki kaya ya juya shi a hannu. A nan na gane yawan jabu. Akwai sababbi fil da ake ƙerawa domin ado, a shafa musu datti a ce tsofaffi ne. Akwai na 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda na wancan zamani, waɗanda suke kama da na soja, a cire tambarinsu a liƙa na soja. Mafi wuyar ganewa su ne waɗanda kowane ɓangarensu tsoho ne na gaskiya, amma daga kwalkwali dabam-dabam aka tattaro. Wani dattijo ɗan Beljiyam da ya daɗe a harkar ya nuna mini abin da ban manta ba. Ya juya wani kwalkwali, ya ɗaga shafin ciki, ya haska fitila a bayan tambarin, sai ga huji huɗu a inda ya kamata a ga biyu. Ya ce duk inda na ga haka, in san cewa tambarin da ke kai ba shi ne na asali ba. Ban sayi kome ba a ranar, kuma ina ganin wannan ita ce tafiyar da ta fi yi mini amfani.

Da na ji na shirya, sai na yanke shawarar saye a gidan gwanjo maimakon hannun ɗan kasuwa a intanet, saboda gidan gwanjo yana rubuta bayanin kaya a kundinsa, kuma rubutun hujja ne. Na ga wani kwalkwali na ƙaramin sojan ƙasa na Furusiya, ƙirar 1895, an sa farashin farawa Yuro 400. Yin rajista bai yi wuya ba. Sun nemi in cika fom, in aika hoton fasfo da adireshina, kuma saboda ni sabon mai saye ne, sun nemi bayanin asusun banki. Amincewar ta zo bayan 'yan kwanaki. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a nan shi ne sharuɗɗan gwanjon, waɗanda aka rubuta da ƙananan haruffa. A Jamus, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 na mayarwa a mafi yawan lokuta, amma wannan dama ba ta aiki a gwanjon da jama'a suke iya halarta da kansu, ko da kuwa mutum daga gida ya yi tayinsa. Idan guduma ta sauka, ciniki ya faɗa. Saboda haka na rubuta musu na nemi rahoton yanayin kaya, wanda suke kira Zustandsbericht, tare da ƙarin hotunan ciki, da na bayan tambari, da na ƙarƙashin bakin baya, wato fatar da take rufe ƙeya. Rahoton ya zo da gaskiya gwargwado: ɗinkin bakin baya ya warware a gefe ɗaya, saman ya ɗan lotsa a ƙarƙashin tsini, kuma maɗaurin haɓa ba na asali ba ne.

Duk da haka na shiga jirgin ƙasa na je ranar da aka ware domin duba kaya, kuma ina ba kowa shawarar ya yi hakan idan kuɗin ya kai ɗaruruwa. Na tafi da 'yar fitila ta hannu, da fitila mai hasken shuɗi irin ta masu duba takardun kuɗi, da madubin ƙara girma. Ma'aikaciyar ta ba ni safar hannu, ta ajiye kwalkwalin a kan tebur mai shimfiɗa, ta tsaya kusa. Abin da na fara lura da shi rashin nauyi ne, domin na gaskiya bai kai nauyin da ido yake zato ba. Fentin ya tsattsage ƙanana-ƙanana ko'ina, babu wurin da ya fi wani sheƙi, alamar ba a yi masa sabon shafe ba. Na ɗaga harsunan shafin ciki a hankali, na ga huji biyu kacal a bayan mikiya, kowanne da zoben tagullarsa, 'yar fatar da ta toshe kunnuwan kuma ta bushe ta yi baƙi daidai da sauran. Tambarin asali bugawa ake yi a kan siririn ƙarfe, saboda haka gashin mikiya yana fitowa ɗaya-ɗaya, jabu kuwa galibi zubi ne, yana da kauri, zanensa a dushe. Wannan na bugu ne. Da na haska fitilar shuɗi a kan ɗinkin, zaren bai yi ƙyalli ba, alhali zaren zamani sau da yawa yakan haska fari saboda sinadarin da ake sa masa. A ƙarƙashin bakin baya na karanta hatimi da baƙin tawada, J.R. 65, kusa da shi B.A. VIII da shekarar 1912. Harafin J a nan yana madadin I ne a rubutun wancan lokaci, wato runduna ta 65 ta sojan ƙasa, ɗayan kuma hatimin ma'ajin tufafi ne na babbar runduna ta takwas mai hedikwata a Koblenz. Runduna ta 65 a Kolon take da zama, kuma tana ƙarƙashin ta takwas ɗin, don haka hatimai biyun sun gaskata juna. A nan ne hankalina ya kwanta, kuma ba zan ɓoye ba, sanin cewa kwalkwalin daga garin da nake zaune ya fito ya ƙara mini son mallakarsa.

Kafin ranar gwanjo na rubuta wa kaina iyakar da ba zan wuce ba, kuma na yi lissafin ne tare da la'adar gidan gwanjon, wadda suke kira Aufgeld, domin ita ce take ba sababbin shiga mamaki. A wurinsu kashi 25 cikin ɗari ce a kan farashin guduma, wanda kuma ya yi tayi ta wasu shafukan intanet masu watsa gwanjon kai tsaye, ana ƙara masa wani kaso. Saboda haka na zaɓi a kira ni ta waya. Na zauna jira tun hantsi, ba a iso kan lambar kayana ba sai bayan azahar, kiran kansa kuwa bai kai minti biyu ba. Guduma ta sauka a Yuro 620. Da la'ada Yuro 155 da kuɗin aikowa da inshora Yuro 30, jimilla na biya Yuro 805 ta banki. Na roƙe su musamman kada su kifa shi a kan bakinsa a cikin kwali, su cusa takarda mai laushi a ciki, kada kuma su liƙa salatif a jikin fentin. Da ya iso, na ɗauki hotonsa ta kowace fuska kafin in taɓa kome, na buɗe masa fayil na sa rasit, da shafin kundin gwanjon, da rahoton yanayin kaya. Game da doka, haramcin da ke kan nuna alamomin 'yan Nazi a Jamus bai shafi wannan ba, domin kayan daular da ta ruguje ne a 1918.

Mataki na gaba shi ne gyara, kuma a nan ne mafi yawan kwalkwalan da na gani suka lalace, a hannun masu su, da kyakkyawar niyya. Ban kai shi wurin mai gyaran takalma ba. Na tuntuɓi ƙungiyar ƙwararrun masu gyaran kayan tarihi ta Jamus, wadda take da jerin sunayen mambobinta bisa fanni, na sami wata mata da ta ƙware a kan fata, shagonta kuma bai yi nisa da Kolon ba. Na jira makonni kafin ta ba ni lokaci. A ranar, ta ɗauki wajen awa guda tana dubawa ba ta ce uffan ba, sannan ta tambaye ni ko na shafa masa wani abu. Na ce a'a. Ta ce to na cece shi, domin abin da mutane suka fi yi idan suka ga busasshiyar fata shi ne su ɗauko mai. Ta bayyana mini cewa ƙarfin wannan kwalkwali yana cikin taurinsa ne, idan mai ya ratsa shi sai ya saki, nauyin tsini ya danne saman, kuma ba a iya fitar da man daga baya. Haka kuma man yana haɗuwa da tagulla ya haifar da wani koren abu mai danƙo, ta nuna mini shi a gindin ƙusoshin da suka riƙe tsinin, inda ya taru tun daga maiƙon da ke cikin fatar. Ta gargaɗe ni a kan giyar goge-goge, domin fentin na dangin shelak ne, wani irin ƙaro, tana narkar da shi nan take. Ta kuma ce kada in kuskura in yi ta miƙe ƙafafun ƙusoshin nan ina lanƙwasa su, saboda tagullar da ta shekara sama da ɗari takan karye a lanƙwasa ta biyu ko ta uku.

Bayan kwanaki ta aiko mini da rubutaccen ƙiyasi, tsakanin Yuro 380 da 450, tare da jerin abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba. Wannan jeri na biyu ya fi jan hankalina. Ba za ta sabunta fentin ba, ba za ta goge tagullar ta yi ƙyalli ba, ba za ta cire tsini ba sai in ya zama tilas. Na kira ta na tambaya ko ba za a iya cike tsagewar fentin ba, ko da a goshi ne kawai, domin a lokacin raina yana son in gan shi kamar yadda yake a hotunan faretin sojoji. Ta ce za a iya, amma ba ita ba, kuma ta ce in sani duk wanda ya san kaya zai rage masa daraja da zarar ya ga sabon shafe, domin ba zai san abin da aka ɓoye a ƙarƙashi ba. Ƙa'idar aikinta ita ce duk abin da ta ƙara ya zama wanda wani zai iya cirewa nan gaba ba tare da ɓarna ba. Na yi tunani a kai, na ga gaskiyarta. Tsagewar nan da duhun tagullar su ne suka tabbatar mini da shi a ranar duba kaya, to ba daidai ba ne in share shaidar da ni kaina na dogara da ita. Na sa hannu a takardar, na biya rabin kuɗin, ta ba ni takardar karɓar kaya mai ɗauke da ƙimarsa saboda inshorar shagonta.

Aikin ya ɗauki watanni, mafi yawansu jira ne, domin gyaran lotsawar ba a yi masa gaggawa. Ta ba ni dama na leƙa sau ɗaya, na tarar da kwalkwalin a cikin wani akwati na roba mai haske, inda take ƙara danshi kaɗan-kaɗan tana auna shi da na'ura, a cikinsa kuma ta sa wani abin tokare da ta sassaƙa daidai da kansa, tana ƙara masa tsawo a hankali yayin da fatar take saki. Ta ce ruwan zafi ko tururi zai yi saurin aiki, amma zai iya ƙanƙance tsohuwar fata ta yadda ba ta dawowa. Koren abin nan ta cire shi ne da tsinken itace da auduga, ba da ƙarfe ba. Ɗinkin bakin baya shi ne ya fi burge ni. Da zaren lilin da ta shafa wa kaki, ta bi ainihin hujin da baduku na farko ya huda, ba ta ƙara ko ɗaya ba, kuma tun da fatar jikin ta ɗan tsuke fiye da ta bakin, sai ta raba bambancin a kan dukkan hujojin maimakon ta ja da ƙarfi a wuri guda. A gefen shafin ciki akwai inda fatar ta fara zama jan gari idan an taɓa, cutar da take kama fatar da aka jeme da ɓawon itace, sai ta ɗaure wurin da wani sinadari mai suna Klucel G, tana kiyaye kada ya taɓa fentin waje. A ƙarshe ta shafa siririn kaki irin na gidajen tarihi a kan ƙarafan. Na biya Yuro 410 gaba ɗaya, ta haɗa mini da rahoto mai hotunan kafin aiki da bayansa, da sunan duk abin da ta yi amfani da shi.

Saura maɗaurin haɓa. Maɗaurin da kwalkwalin ya zo da shi sabuwar fata ce, na so in sami na asali irin ƙirar 1891, mai ƙarfen da ake maƙalawa a ƙusar gefe. Na samu a wurin wani mai tara kaya a Ingila, kuɗinsa da na aikowa ya kama kimanin Yuro 160. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, kayan da suka fito daga can sai sun bi ta kwastan, kuma tun watan Yulin 2021 an soke sassaucin da ake yi wa ƙananan kaya. Mai sayarwar bai liƙa rasit a bayan kwalin ba, don haka maimakon a kawo mini gida, sai takarda ta zo cewa in je ofishin kwastan in karɓa kafin wa'adin da aka rubuta. Na tafi da takardar, da fasfo, da rasit da na buga, da shaidar biyan kuɗi. Na ɗauki lamba na zauna, da aka kira ni aka miƙo mini kwalin da wuƙa, aka ce in buɗe da kaina a gaban jami'in. Ya duba, ya tambayi mene ne, na nuna masa hoton kwalkwalin a waya, ya lissafa harajin shigo da kaya kashi 19 cikin ɗari, na biya kimanin Yuro 30 na fito. Wanda zai sayo wani abu daga wajen Tarayyar ya roƙi mai sayarwa ya liƙa rasit a waje ya kuma rubuta ainihin farashi, domin rage kuɗi a takarda laifi ne da zai dawo kan mai karɓa. Tsohon maɗaurin da na sayo ban ja shi ya zagaye bakin gaba da ƙarfi ba, na bar shi sako-sako, na kuma ajiye sabon da na cire a cikin fayil.

Akwai wani abu da na bi sawunsa wanda ba shi da alaƙa da kuɗi. A cikin shafin akwai suna da aka rubuta da fensir, ya dushe amma yana karantuwa. Na so in san ko wane ne, domin wannan ba kayan ado ba ne a asali, hular wani soja ce da aka yi wa hatimi shekara biyu kafin yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka, yaƙin da ya kai har Garwa da Mora a Kamaru a 1915 da 1916. Na rubuta wa ma'adanar takardun tarayyar Jamus, amsar da ta zo kuwa ita ce wadda masana suka riga suka gaya mini in sa rai da ita. Ma'adanar takardun sojan Furusiya da ke Potsdam ta ƙone a harin bam na watan Afrilun 1945, kuma kusan dukkan rajistar ƙananan sojoji ta tafi a gobarar. Da kwalkwalin na Babariya ne, da na sami rajistar a Munich, na Württemberg a Stuttgart, na Baden a Karlsruhe. Abin da ya rage wa mai neman sojan Furusiya shi ne jerin sunayen waɗanda suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace, wanda gwamnati ta riƙa bugawa a lokacin yaƙin, kuma an sa shi a intanet kyauta. Na sami masu irin sunan da dama a ciki, babu hanyar tabbatar da wanda nake nema, sai na rubuta hakan a fayil yadda yake, ban ɗora wa kwalkwalin labarin da ba ni da hujjarsa ba. Masu sayarwa da yawa suna ƙara kuɗi da irin wannan labari, mai saye ya nemi takarda kafin ya biya kuɗin labarin.

Idan na tattara abin da na kashe, ya kai kimanin Yuro 1,400, ban da kuɗin tafiye-tafiye, kuma na san idan na sayar yau da wuya in mayar da shi duka. Wanda zai shiga domin riba ya sake tunani. Wanda zai shiga domin son abin kuwa, ga abin da na fahimta. Ya fara da na ƙaramin soja na Furusiya, domin shi ya fi yawa, ya fi sauƙin kuɗi, kuma an fi saninsa, na hafsoshi da na ƙananan ƙasashe su ne jabu ya fi yawa a cikinsu saboda tsadarsu. Ya duba ciki kafin waje. Ya sa kuɗin la'ada da na gyara a lissafi tun kafin ya ɗaga hannu. Kwalkwalin da ya yi datti amma ba a taɓa shi ba ya fi wanda aka goge yana walƙiya, domin datti yana fita, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa. Kuma ya nemi kome a rubuce, tun daga gidan gwanjo har wurin mai gyara.

Ajiya ma aiki ce mai zaman kanta. Ba a ajiye shi a kan bakinsa, domin nauyin zai sake warware ɗinkin, sai a ɗora shi a kan maɗori mai taushin kai wanda yake tallafe shi daga ciki. Nawa yana cikin kabad na gilashi, nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki, da ɗan ma'aunin danshi a gefensa, ina ƙoƙarin ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, domin idan ya haura 65 fumfuna takan fara. Wasu sun tambaye ni ko za su iya tafiya da irinsa gida. Ta fuskar doka, dokar kare kayan al'adu ta Jamus ta 2016 tana neman izinin fitarwa ne ga kayan da suka kai wata shekara da wata ƙima mai yawa, wadda kwalkwalin ƙaramin soja bai kusa da ita ba, amma ya kamata a riƙe rasit a hannu, a kuma tambayi hukumar kwastan ta ƙasar da za a shiga tun kafin tafiya, tun da kayan soja ne ko da ya tsufa. Abin da ya fi damuna shi ne yanayi. A Kano ko Zinder iskar hunturu takan bushe ƙwarai, damina kuma ta zo da laima, wannan hawa da sauka yana sa fata ta tsuke ta saki, fentin ya ɓantare, ɗinki ya tsinke. Wanda ya ƙudura sai ya kai shi, ya tanadi akwati mai rufuwa ruf, da sinadarin daidaita danshi irin wanda gidajen tarihi suke sawa a ciki, da ma'aunin da zai riƙa dubawa a kowane mako, kuma ya ɗauke shi a jakar hannu a cikin jirgi, kada ya bari a jefa shi cikin manyan kaya.